LIKITA NA WA NE?

Wata ranar Lahadi cikin kaka, bayan an tashi daga sujada a wata ƙaramar Ekklesiya ta ƙasar Bunkure, sai wata mace ta tsaya a bakin ƙofa ta ce tana da magana da dattawa. Mijinta malamin asibiti ne, mutumin kirki, ba wanda ya taɓa jin an ce ya sha giya ko ya ɗaga mata hannu. Da aka ba ta wuri ta zauna, sai ta ce, "Baba, ban kawo ƙarar maigida a kan ci ko sutura ba, duk yana yi. Amma yara suna barci ya ke fita, suna barci ya ke komowa. Jiya autansu ya tambaye ni ko babansu ya yi tafiya ne. Yau wata huɗu ke nan ba mu yi addu'a tare a gida ba."

Nan take dattawa suka rabu biyu. Waɗansu suka ce, "Haba 'yata, ki gode wa Allah. Mijinki rayuka ya ke ceto. In ya zauna a gida yana hira da yara, wa zai duba 'ya'yan mutane?" Waɗansu kuwa suka ce a'a, wanda ya gyara gidajen mutane ya bar nasa ya zube, ba a ce ya yi aiki ba. Aka yi ta ja-in-ja har rana ta take. Sa'an nan wani tsoho wanda ya yi zama a Zariya da daɗewa ya ce, "Ku tuna fa da Likita Ishaya Audu. Ya riƙe abin da ya fi ɗakin magani guda nesa ba kusa ba, da aka karɓe kome kuwa gida ya koma."

Tun ran nan maganar ba ta bar zuciyata ba, gama ba ta gida ɗaya ba ce. Tana nan a gidan fasto, da na malamin makaranta, da na ungozoma. Mutumin da Allah ya ba shi aikin da jama'a ke bukata dare da rana, na wa ne? Na jama'a ne, ko kuwa na gidansa? Bari mu fara duba labarin likitan da tsohon ya ambata, kāna mu auna maganar.

Daga Anchau har kujerar Minista

An haifi Ishaya Shu'aibu Audu ran 1 ga Maris 1927 a Anchau, cikin ƙasar Zazzau. Ubansa, Malam Bulus Audu, daga cikin Isawa ya fito, watau zuriyar almajiran Malam Ibrahim, malamin nan da aka kashe a Kano a ƙarni na 19 sabo da yadda ya ke ɗaukaka Isa cikin wa'azinsa. Almajiransa suka watse, waɗansu suka nufi Ningi. A 1913 waɗansu daga cikin zuriyarsu suka zo wurin Likita Miller a Zariya suna neman ƙarin bayani a kan Isa, daga baya kuma suka kafa ƙauye a Gimi. Ba su daɗe ba ciwon barci ya faɗa wa ƙauyen, ya kashe mutane da yawa, sauran suka tashi. Ƙasar Anchau ita ma ƙudan tsando ya addabe ta da wannan ciwo, har wajen ƙarshen shekarun 1930 Gwamnati ta shiga share kurmi, ta gina sabon gari nan kusa aka sa masa suna Takalafiya. Yaron ya tashi ke nan cikin jama'ar da ta san abin da cuta ke yi wa gari in babu mai magani.

Ya yi makarantar Mishan ta Wusasa, daga nan sai Yaba a Ikko. A 1948 ya shiga kwalejin jami'a ta Ibadan a shekarar da aka buɗe ta, a 1951 ya haye zuwa London, ya gama karatun likita a 1954. Kafin shi mutum guda na Wusasa ya riga ya bi wannan hanya, watau Likita Barau Dikko, ɗan Arewa na fari da ya zama likita, wanda babban asibitin nan na Kaduna ke ɗauke da sunansa. Ishaya Audu ya ƙware a kan ciwon yara. A 1958 ya yi aure, Allah kuwa ya ba su 'ya'ya 6.

Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, Firimiyan Jihar Arewa, ya ɗauke shi ya zama likitansa na kansa. Ku duba wannan da kyau. Sardauna zuriyar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ne, ga shi kuwa ya danƙa lafiyar jikinsa a hannun ɗan Malam Bulus. Mutum ba ya yin haka sai ga wanda ya tabbata ya san aikinsa, yana kuma riƙon amana.

Ran 15 ga Janairu 1966 aka kashe Sardauna. Cikin shekaran nan aka naɗa Likita Audu shugaban Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, yana da shekara 39, shi ne kuwa ɗan ƙasa na fari da ya hau wannan kujera. Ya riƙe ta shekara 9, har 1975, ciki har da shekarun yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. A zamaninsa ne, a 1967, aka buɗe sashen koyon aikin likita na jami'ar. Mu mutanen Kura da Bunkure ma ba baƙin wannan jami'a ba ne, gama ma'aikatar binciken aikin gona ta Samaru a ƙarƙashinta ta ke, ita ce kuwa ke da gonar gwajin noman rani a Kadawa.

A zaɓen 1979 Dokta Nnamdi Azikiwe ya tsaya neman shugabancin ƙasa, ya ɗauki Likita Audu mataimakinsa. Ba su ci ba, amma jam'iyyarsu ta yi yarjejeniya da ta Alhaji Shehu Shagari, aka ba Likita Audu Ministan Harkokin Waje, ya riƙe daga 1979 zuwa 1983. Ran 31 ga Disamba 1983 soja suka karɓi mulki, aka tsare 'yan siyasa da yawa, har da shi. Da aka sake shi sai ya koma Samaru, ya shiga duba marasa lafiya a asibitinsa, ya kuma ba da kansa ga hidimar Ekklesiya, har a ke kiransa Rabaran. Ya rasu a Amurka ran 29 ga Agusta 2005, yana da shekara 78.

Abin da soja ba su iya karɓewa ba

Hausawa sun ce duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Ga mutumin da ya shugabanci babbar jami'a, ya yi magana da sunan Nijeriya a gaban ƙasashen duniya, ga shi kuma a tsare. Kujerun duka wasu suka ba shi, wasu kuma suka hau bayansa. Sa'ad da ya fito, me ya tarar nasa ne? Abu uku: aikin da ke hannunsa, da iyalinsa, da bangaskiyarsa.

To, abu ukun nan ba a ajiye su a rumbu a koma a same su yadda a ka bar su. Likitan da ya manta da sana'arsa ba zai iya buɗe asibiti da tsufa ba. Wanda ya yi sallama da addu'a tun yana kan kujera ba zai tashi rana ɗaya ya yi kiwon masu bi ba. Haka nan gida ya ke. Mun san karin maganar da ke cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Nawa ne muka gani sun sauka daga aiki, suka koma gida suka tarar su baƙi ne a tsakar gidansu, 'ya'ya suna gaishe su kamar yadda a ke gaida mai unguwa? Wannan ne abin da tsohon nan ya ke nufi. Ranar sauka tana zuwa ga kowane ma'aikaci, ko da juyin mulki ko babu, ran nan kuwa mutum zai ci abin da ya shuka a gida ne.

Amma kada mu yi saurin cewa magana ta ƙare, gama dattawan da suka goyi bayan mijin suna da hujja mai nauyi.

Hakkin mara lafiya

Tun da a ka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ruwa ya shigo ƙasarmu rani da damina. Mun sami shinkafa da alkama da tumatir da albasa, mun gode wa Allah. Amma ruwan bai zo shi kaɗai ba. Inda ruwa ya kwanta sauro yana haihuwa, zazzaɓi kuwa ba ya jiran damina kamar dā. A cikin hanyoyin ruwa akwai ƙananan dodon koɗi waɗanda ke ɗauke da ƙwayar tsargiya. Yaro ya shiga wanka, ƙwayar ta huda fatarsa, bayan 'yan watanni a ga yana fitsarin jini. Masu magani kuwa kaɗan ne, majinyata da yawa.

In uwa ta buga ƙofar malamin asibiti da tsakar dare, ɗanta yana shiɗewa da zazzaɓi, ba mai bin Yesu Kristi da zai ce masa ya koma ya kwanta domin yau ranar iyali ce. Cikin misalin Basamariyen nan (Luka 10), waɗanda a ka zarga su ne waɗanda suka ga mai rauni a hanya suka ratse, ko da ya ke watakila kowannensu yana da uzuri mai kyau. Ran yaron nan ba zai jira gari ya waye ba, hira da 'ya'ya kuwa za ta iya jira. Matar da ta auri mai magani ta auri wannan buga ƙofa tare da shi, tana kuwa da lada cikin kowane ran da a ka ceta, gama da barcinta a ka saya.

Sabo da haka ba za mu ce likita na gidansa ne kaɗai ba. Ilmin da ke kansa ma ba shi kaɗai ya biya ba. Iyaye sun sayar da hatsi, Ekklesiya ta yi addu'a, ƙasa ta gina makaranta. Bashi ne a wuyansa.

Hakkin gida

Duk da haka Littafi Mai Tsarki bai bar wa ma'aikaci ƙofar gudu ba. Eli firist ne, ya yi shekara 40 yana shari'ar Isra'ila, amma bai kwaɓi 'ya'yansa ba, hukunci kuwa ya sauko a kan gidansa duka (1 Sama'ila 2 zuwa 4). Yawan aikinsa a ɗakin Ubangiji bai zama masa kariya ba. Manzo Bulus, sa'ad da ya ke lissafa halin wanda ya isa a ba shi riƙon Ekklesiya, ya sa riƙon gida a ciki, ya kuma yi magana mai zafi a kan wanda ba ya kula da nasa (1 Timoti 3 da 5). Ubangijinmu kansa, yana bisa gicciye yana ɗauke da zunubin duniya, bai manta da uwarsa ba, sai da ya danƙa ta a hannun almajirinsa (Yohanna 19). Wane ne cikinmu aikinsa ya fi wannan girma, har zai ce ba shi da sarari?

Akwai kuma wani bambanci da ya kamata mu lura da shi. In malamin asibiti ya mutu yau, Gwamnati za ta aiko da wani, ko ba da wuri ba. 'Ya'yansa fa, wa za a aiko musu? A asibiti yana da magaji, a gida ba shi da shi. Icce kuwa tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Shekarun da yaro ke sauraron ubansa kaɗan ne, in sun wuce ba su komowa.

Kowane manomin rani ya san kukan wanda gonarsa ke can ƙarshen hanyar ruwa. Na bakin hanya kowa ya buɗe ya sha, ba don mugunta ba, kowa shukarsa ya ke ji. Kafin ruwa ya kai ƙarshe ya ƙare. Ba wanda ya yi niyyar kashe gonar na ƙarshe, amma ta bushe. A gidan ma'aikaci iyali su ne na ƙarshen hanya. Su ne ba su yin ƙara, su ne a ke ce wa sai gobe, domin an tabbata gobe suna nan. Mutanenmu sun daɗe da sanin irin wannan mutum, shi ya sa su ke ce masa inuwar giginya, na nesa ka sha.

Sai kuma mu faɗi wata gaskiya mai ɗaci. Ba dukan abin da mu ke kira aiki ne aiki ba. A waje ana gode mana, ana kiranmu da sunan girma. A gida kuwa sai kukan yaro da maganar kuɗin makaranta. Zuciya takan zaɓi inda a ke yabonta, ta ce hidima ta ke yi. Wani kuma in ya tashi daga asibiti sai ya wuce kantin maganinsa har dare, ya ce jama'a ke bukatarsa, alhali kuɗi ya ke bi. Kowa ya tambayi kansa a gaban Allah: cikin sa'o'in da na yi a waje makon nan, nawa ne da a ce ban je ba wani zai cutu?

Yadda za a raba ruwan

In haka ne, amsar tambayarmu ita ce likita na Allah ne, Allah kuwa ya ba shi amana biyu, ba zai karɓi ɗaya a madadin ɗayar ba. Abin da ya rage shi ne yadda za a raba, a nan ma manoman rani sun riga mu sani. Inda a ke zaman lafiya a kan ruwa, an sa wa kowa ranarsa. Ran da ruwa na na ƙarshe ne, na bakin hanya ya rufe nasa ko da yana so. In gobara ta tashi, kowa ya san za a ɗebi ruwan kowa ba tambaya, amma gobara ba kullum ba ce. Haka ma'aikaci zai yanka wa gidansa lokaci sananne, na cin tuwo tare da na karatun Littafi da addu'a, ba mai taɓa shi sai maganar rai da mutuwa. Iyalin da suka san suna da ranarsu ba su jin zafin daren da a ka buga ƙofa.

Abu na biyu muna koyonsa daga Musa. Ya zauna yana yi wa jama'a shari'a shi kaɗai tun safe har yamma, sai surukinsa Yetro ya gaya masa zai gajiyar da kansa ya gajiyar da mutane, ya zaɓi amintattu su ɗauki kayan tare da shi (Fitowa 18). A nan ne aikin Likita Audu a jami'a ya ke da ma'ana. Mai yiwuwa wani ya ce asara ce a ɗauke likitan yara daga bakin gadon majinyata a sa shi a ofis, a lokacin da likitocin Arewa ba su da yawa. Amma makarantar likita da a ka buɗe a 1967 ta yi ta yaye likitoci shekara bayan shekara har wa yau, sun duba yaran da hannu biyu ba za su taɓa kai wa gare su ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ma'aikacin da ya ƙi koya wa na ƙasa da shi, domin a riƙa cewa sai shi, ya cuci jama'a ya cuci gidansa.

Abu na uku namu ne, mu jama'a. Mu ne mu ke barin yaro kwana uku da zazzaɓi muna gwada jiƙe-jiƙe, sai ciwo ya ci ƙarfinsa mu ruga da tsakar dare. Mu ne mu ke tare malamin asibiti a bakin ɗakin sujada da ciwon da zai iya jiran Litinin. Gidan sauro da a ka raba mana, waɗansu sun kewaye lambu da shi. Da mun kai yara da wuri, mun hana su wanka a hanyar ruwa, mun karɓi maganin tsargiya sa'ad da a ka kawo shi makaranta, da buga ƙofar dare ta ragu ƙwarai. Muna kuma iya haɗa hannu mu tura 'ya'yanmu, mata da maza, koyon aikin jinya da unguwarzoma. Kada mu cinye mutum sa'an nan mu zarge shi da barin gida.

Ba mu ce Likita Audu ba shi da aibu ba. A 1981, da yarjejeniyar jam'iyyun nan biyu ta watse, ya zaɓi ya zauna cikin Gwamnati maimakon ya sauka, waɗansu abokan tafiyarsa kuwa ba su ji daɗin haka ba. Shari'ar wannan tana wurin Allah, wanda ya san zukata. Abin da mu ke tunawa da shi a kai shi ne, da girma ya zo bai hana shi zama likita ba, da girma ya tafi kuma bai ga ƙasƙanci ba ne ya koma garinsu ya saurari kukan majinyaci.

Game da matar nan, dattawa biyu suka tafi wurin mijinta da dare. Da fari ya yi fushi, ya ce ashe ladan wahalarsa ke nan. Da a ka gaya masa abin da autansa ya tambaya, sai ya yi shiru. Yanzu yakan rufe kantinsa da magariba kwana uku a mako, an kuma yi sanarwa a Ekklesiya cewa wanda ba maganar gaggawa ke gare shi ba ya same shi a asibiti. Har yanzu ana buga ƙofarsa da dare, yana kuwa fita.

Ya ɗan'uwa mai karatu, ko kai likita ne, ko fasto, ko malami, ko manomi, yau da dare ka tambayi matarka da 'ya'yanka ko ruwa yana kai wa gare su. Ka saurari amsar, kada ka kāre kanka. Ubangiji ya ba mu alherin riƙon amana duka biyu, har ran da za mu ba da lissafi a gabansa. Amin.